Mayar da shotgan mai baki biyu zuwa raifil

Mayar da shotgan mai baki biyu zuwa raifil wani aiki ne na ƙwararrun maƙeran bindiga, inda ake ɗaukar bindigar harbin tsuntsaye mai bututu biyu a jere, ɗaya dama ɗaya hagu, a sauya mata bututu don ta riƙa harba ƙwayar harsashi guda ɗaya mai nauyi, irin wadda ake farautar manyan dabbobi da ita. An fi jin labarin wannan aiki a Amurka da wasu ƙasashen Turai. Babban abin da ke jawo shi kuwa shi ne tsadar raifil mai baki biyu, domin tana cikin bindigogin farauta mafiya tsada a duniya, alhali tsohuwar shotgan mai kyau ana samun ta da araha.

A ido, bindigogin biyu kamar Hassan da Husaini suke. Dukkansu ana karya su a tsakiya a zuba harsashi, kuma yawancinsu kunama biyu gare su. Sai dai aikin da ƙarfen kowace yake yi a lokacin harbi ya bambanta ƙwarai. Abubuwa biyu ne ke nuna ko aikin ya yi: ko uwar bindigar za ta jure ƙarfin sabon harsashin, da kuma ko bututun biyu za su riƙa aika harsashi wuri ɗaya. Idan na biyun ya ɓaci, an yi asarar kuɗi. Idan na farkon ya ɓaci, ana iya asarar ido, ko hannu, ko rai.

Bambancin shotgan da raifil

Cikin bututun shotgan sumul yake, ba shi da tsagi. Harsashinta na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa, waɗanda ke bazuwa bayan sun fita, shi ya sa ta dace da tsuntsu mai tashi ko zomo mai gudu. Ana auna faɗin bututunta da lamba: lamba 12, lamba 16, lamba 20. Asalin lambar shi ne yawan dunƙulen dalma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya. Saboda haka lamba 12 ta fi lamba 20 faɗi. Cikin bututun lamba 12 ya kai kusan milimita 18.5, na lamba 20 kuma kusan milimita 15.6.

Ita kuwa raifil, a cikin bututunta akwai tsagogi masu murɗewa tun daga gindi har baki. Tsagogin nan su ke sa ƙwayar harsashi ta fita tana juyawa kamar katantanwa, juyawar kuma ita ke hana ta karkacewa a iska. Bututun raifil ya fi na shotgan kauri da ƙanƙantar rami, domin matsin iskar gas da albarushinta ke haifarwa ya ninka na shotgan sau da yawa.

Abin da ake kira uwar bindiga a wannan maƙala shi ne dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin bututu da ƙota. A cikinsa kunama take, da allurar da ke dukan gindin harsashi, da sakatar da ke kulle bututun idan an rufe bindigar. A gabansa akwai wata gajeriyar sandar ƙarfe da bututun ke juyawa a kanta kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. Wannan ɓangare shi ne abin da ake riƙewa daga tsohuwar shotgan, kuma shi ne ya fi wuyar ƙerawa daga farko.

Tarihi

Shotgan mai baki biyu da raifil mai baki biyu a maƙera ɗaya suka tashi. A ƙarni na 19 kamfanonin Ingila irin su James Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, da Westley Richards na Birmingham, wanda aka kafa a 1812, da Holland & Holland, wanda ya faro a 1835, duk suna ƙera nau'o'in biyu. Ƙirƙire-ƙirƙiren da suka inganta ɗaya su ne suka inganta ɗayar. A 1863 Purdey ya fito da sakata mai kama bututu a wuri biyu ta ƙasa. A 1875 William Anson da John Deeley, ma'aikatan Westley Richards, suka yi rajistar tsarin da ya ɓoye gudumar bindiga a cikin uwar, wanda har yau akasarin bindigogi masu baki biyu a kansa ake gina su.

Raifil mai baki biyu ta yi tashe ne a zamanin mulkin mallakar Birtaniya a Indiya da Gabashin Afirka. Mafarauci da ɓauna ko giwa ta taso masa yana bukatar harbi na biyu nan take, ba tare da ya ɗaga bindiga daga kafaɗa ba. Bugu da ƙari, kowane bututu da nasa kunama da allura, don haka idan ɗaya ya ƙi tashi, ɗayan na nan. Bayan an ƙirƙiro albarushin kodayit marar hayaƙi a 1889, kamfanin John Rigby ya fito da harsashin .450 Nitro Express a 1898. A 1907 hukumomin Birtaniya suka hana shigar da harsasai masu faɗin .450 Indiya da Sudan, saboda kada su faɗa hannun masu yi musu tawaye da tsofaffin bindigogin soja masu wannan faɗi. Wannan ya sa kamfanoni suka koma wa harsasai masu faɗi kusa da shi, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne .470 Nitro Express. Theodore Roosevelt ya tafi farautarsa ta Gabashin Afirka a 1909 da raifil mai baki biyu ƙirar Holland & Holland. Jim Corbett ma ya yi amfani da irinta wajen bin damisoshi masu cin mutane a arewacin Indiya.

Tun a wancan lokaci akwai bindigogin da ke tsakanin nau'o'in biyu. A Afirka ta Kudu an san wata mai bututu biyu a jere, ɗaya na shotgan ɗaya na raifil. A Jamus akwai mai bututu uku, biyu na shotgan a sama, ɗaya na raifil a ƙasa. A 1885 wani hafsan sojan Birtaniya, George Fosbery, ya yi rajistar bututun shotgan mai tsagi a ɗan ƙarshensa kawai, wanda Holland & Holland suka fara sayarwa a 1886 da sunan Paradox. A Amurka ma kamfanin Colt ya ƙera 'yan raifil kaɗan masu baki biyu bisa tsarin shotgan ɗinsa ta 1878. Ke nan tunanin ɗora bututun raifil a kan uwar shotgan tsoho ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta faɗi. Indiya ta sami 'yanci a 1947, kuma dokarta ta kare namun daji ta 1972 ta taƙaita farauta sosai. Kenya ta haramta farautar manyan dabbobi a 1977. Kamfanin Kynoch, wanda ke yin akasarin harsasan Nitro Express, ya daina yin su. Mafarauta suka koma wa raifil mai bututu ɗaya mai araha, musamman bayan fitowar harsashin .458 Winchester Magnum a 1956. Daga ƙarshen shekarun 1980 sha'awar raifil mai baki biyu ta dawo, aka koma yin harsasanta, amma farashin tsofaffi da sababbi ya yi sama. A cikin wannan yanayi ne maƙera masu zaman kansu suka ƙara mayar da hankali kan uwar shotgan. Wani maƙeri Ba'amurke, W. Ellis Brown, ya rubuta littafi sukutum a kan batun mai suna Building Double Rifles on Shotgun Actions.

Dalilan yin aikin

Dalili na farko kuɗi ne. Sabuwar raifil mai baki biyu daga manyan kamfanonin Landan takan haura fam 100,000, kuma mai saye yakan jira shekaru kafin a gama masa. Kamfanonin nahiyar Turai, irin su Merkel da Heym da Krieghoff a Jamus, da Chapuis da Verney-Carron a Faransa, suna sayar da nasu ƙasa da haka nesa, amma duk da haka sun fi ƙarfin aljihun mafarauci na yau da kullum.

Dalili na biyu shi ne akwai tsofaffin shotgan da yawa waɗanda bututunsu ya lalace, ko tsatsa ta ci shi, ko ya lotsa, alhali uwar na nan garau. Maimakon a jefar da ita, sai a ba ta sabon aiki. Na uku kuma sha'awar sana'ar ce kanta, domin a wurin maƙeran bindiga, wanda ya iya haɗa bututu biyu suka harba wuri ɗaya ya kai wani matsayi na gwaninta.

Matsi da ƙarfin uwar bindiga

Ana auna matsin da ke cikin bututu da ma'aunin psi, wato nauyin laba nawa ke danna murabba'in inci ɗaya. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka tun 1926, ta ƙayyade iyakar matsin harsashin shotgan lamba 12 da aka saba da shi a kan psi 11,500, na lamba 20 kuma psi 12,000. Idan aka koma raifil, iyakar .45-70 ita ce psi 28,000, ta .470 Nitro Express psi 41,000, ta .30-30 psi 42,000, ta .30-06 psi 60,000, ta .375 H&H Magnum kuma psi 62,000. Wato wasu harsasan raifil sun ninka na shotgan fiye da sau biyar.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma kaɗai zai ce aikin ba zai yiwu ba sam. Abin da ya sa yake yiwuwa shi ne, matsin gefe sabon bututun ne ke ɗaukar sa, kuma an yi shi ne don haka. Abin da ke isa ga uwar bindiga shi ne turin da gindin kwanson harsashi ke yi zuwa baya. Wannan turi ana ƙiyasta shi ne ta hanyar ninka matsi da faɗin filin da ke cikin gindin kwanso. Kwanson shotgan fāɗi gare shi, na raifil kuwa siriri ne. A ƙiyasi na sama-sama, harsashin lamba 12 na tura uwar da ƙarfin da ya kai kusan laba 4,800. Harsashin .45-70, duk da matsinsa ya ninka sau biyu da rabi, turinsa bai yi nisa da wannan ba saboda ƙanƙantar kwansonsa. Amma na .30-06 ya haura laba 7,000. Shi ya sa maƙera ke neman harsasai masu sauƙin matsi.

Wannan lissafi bai isa a dogara da shi shi kaɗai ba. A bindiga mai bututu a jere, babu bututun da ke tsakiya. Idan na dama ya tashi, yana neman buɗe bindigar ta sama, yana kuma murɗa ta zuwa gefe. Ƙarfin yakan taru a kusurwar da fuskar uwar ta haɗu da shimfiɗar da bututun ke kwanciya a kai, kuma nan ne ƙarfe ya fi tsagewa. Raifil da aka ƙera tun asali takan zo da ƙarin kauri a wannan kusurwa. Ita shotgan an rage mata nauyi ne da gangan don a yini ana ɗauke da ita. Haka nan ƙarfe yana gajiya. Uwar da ta jure harbi goma ba lallai ta jure ɗari biyar ba. Alamar farko ita ce ɗan gibi da ke bayyana tsakanin gindin bututu da fuskar uwar, har bindigar ta fara girgiza idan an rufe ta.

Saboda haka maƙera kan duba abubuwa da dama kafin su yarda da wata shotgan. Suna son wadda aka yi da ƙarfen zamani kuma aka gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Suna son mai sakata ta uku a sama bayan biyun ƙasa, irin sandar da ke ratsawa gicciye wadda W. W. Greener na Birmingham ya shahara da ita. Shotgan ɗin garin Suhl na Jamus, kamar na Merkel da Simson da Sauer, da yawansu suna da wannan sakata, shi ya sa ake yawan neman su. Tsofaffin bindigogin zamanin baƙin albarushi, da masu bututun da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe da ake kira damaskas, da masu uwar alminiyon, da bindigogi masu araha da ba a san irin ƙarfensu ba, duk ba a ɗaukar su a matsayin waɗanda suka dace.

Hanyoyin da ake bi

Hanya ta farko, wadda aka fi bi, ita ce a riƙe gindin tsohon bututun, wato ɓangaren da ke da ƙugiyoyin da sakata ke kamawa, a cire sauran, a dasa sababbin bututun raifil biyu a cikinsa. Amfanin wannan shi ne gindin ya riga ya zauna daram a kan uwar tun daga masana'anta. Maƙeran Ingila sun daɗe suna yin irin wannan dashe don ceto shotgan da bututunta ya mutu, kuma kamfanoni da yawa a Italiya da Faransa da wannan tsari suke ƙera sababbin bindigogi.

Hanya ta biyu ita ce a zura siririn bututun raifil a cikin na shotgan ba tare da an yanke komai ba. A Jamus da Ostiriya ana sayar da irin wannan bututu na zurawa, galibi don ƙananan harsasai, kuma ana iya cire shi bindiga ta koma yadda take. Matsalarsa nauyi, domin ƙarfe ya hau kan ƙarfe, sai gaban bindigar ya rinjayi bayanta.

Hanya ta uku ita ce a ƙera sabon bututu gaba ɗaya, da gindinsa da ƙugiyoyinsa, a daidaita shi da uwar. Ita ce mafi tsada da cin lokaci, amma mai bindiga yakan tashi da bututu kashi biyu a kan uwa ɗaya, na tsuntsu da na manyan dabbobi.

Wasu masana'antu ma sun bi wannan tunani. Kamfanin Baikal na garin Izhevsk a Rasha ya ƙera raifil MP-221 bisa tsarin shotgan ɗinsa mai bututu a jere, da harsashin .45-70 ko .30-06, kuma Remington ya taɓa sayar da ita a Amurka. Bambancin shi ne masana'anta tana da ikon zaɓen ƙarfe, da ƙara kauri inda ya kamata, da gwada samfuri har ya lalace. Maƙeri ɗaya mai bindiga ɗaya ba shi da wannan dama.

Daidaita bututu biyu

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin rai, kuma shi ne babban dalilin tsadar raifil mai baki biyu. Mutum zai zaci idan aka jera bututu biyu sambal, to harsasansu za su tafi tare. Ba haka abin yake ba. Da zarar albarushi ya kama, bindiga ta fara shuri tun ƙwayar harsashi na cikin bututu. Tun da bututun dama yana gefen dama na tsakiyar bindigar, shurinsa yana karkatar da bakin zuwa sama da dama. Na hagu kuma zuwa sama da hagu. Idan aka bar su a jere sambal, harsasan za su rabu, na dama ya yi dama, na hagu ya yi hagu.

Maganin shi ne a sa bututun su ɗan matso juna ta wajen baki, daidai gwargwadon da zai soke wannan karkacewa. Babu lissafin da ke ba da wannan gwargwado daidai, domin ya danganta da nauyin bindiga, da nauyin ƙwayar harsashi, da saurinta, har da yadda mai harbi ke riƙe ta. Sai dai gwaji. Maƙeri yakan haɗa bututun da dalmar liƙi, da ɗan weji a tsakaninsu, ya je fili ya harba, ya duba inda kowanne ya sauka, ya dawo ya narkar da liƙin ya gyara, ya sake komawa. Ana iya maimaita wannan sau da yawa kafin harsasan biyu su sauka kusa da juna a nisan da ake so, galibi tsakanin yadi 50 zuwa 100.

Bututun shotgan ma ana matso da su, amma kuskure kaɗan ba ya nunawa, tun da ana auna bazuwar ƙwayoyinta ne a cikin da'ira mai faɗin inci 30 a nisan yadi 40. A raifil kuwa, ana son harsasan biyu su faɗa cikin abin da bai wuce tafin hannu ba.

Sakamakon haka, kowace raifil mai baki biyu da harsashinta guda. Idan aka sa mata wanda ya fi sauri, yana fita kafin shuri ya gama karkatar da bakin, sai harsasan su gicciye, na dama ya faɗa hagu. Idan aka sa mai jinkiri, sai su rabu. Zafi ma na taka rawa, domin bututun da aka fara harbawa yana ɗumi ya miƙe kaɗan. Don haka ake daidaita ta bisa tsarin dama sannan hagu, da 'yan daƙiƙoƙi a tsakani. Wasu kamfanonin zamani sun sa ɗan sukuru tsakanin bututun don mai bindiga ya iya gyarawa da kansa, kamar yadda Baikal ya yi.

Sauran sassan da ke bukatar canji

Allurar shotgan kauri gare ta, ramin da take fitowa kuma yana da faɗi. A ƙarƙashin matsin raifil, makunnin da ke gindin kwanso yana iya kumbura ya shige ramin, bindiga ta ƙi buɗuwa, ko ya fashe iskar gas mai zafi ta yi baya wajen fuskar mai harbi. Don haka sai an sauya allura an kuma rage ramin. Ƙarfen da ke zaro kwanso shi ma sai an yi sabo daidai da ƙaramin kwanson raifil.

Shotgan ba ta da abin saiti sai ɗan ɗigo a baki, raifil kuwa tana bukatar na gaba da na baya, ko madubin hange. Ƙota ma abin dubawa ce. Shotgan lamba 12 ta farauta takan yi kusan kilo 3, alhali raifil .470 takan kai kilo 4 da rabi zuwa 5, kuma nauyin da gangan ne don ya shanye shuri. Siririyar ƙotar shotgan tana iya tsagewa a inda ta haɗu da ƙarfe. Akwai kuma haɗarin bututu biyu su tashi lokaci ɗaya, idan shurin na farko ya girgiza kunamar na biyu ta kuɓuce.

Harsasan da aka fi zaɓa

Maƙera sun fi son harsasai masu leɓe a gindin kwanso, domin leɓen ne ke tsayar da harsashi a wurinsa, shi ne kuma abin da ƙarfen zaro kwanso ke kamawa. A Amurka wanda ya fi yawa shi ne .45-70, harsashin da sojojin ƙasar suka fara amfani da shi a 1873. Akwai kuma .30-30 na 1895, da .303 na Birtaniya. A Turai an fi sanin 7×57R da 8×57JRS da 9.3×74R, waɗanda ake farautar aladen daji da barewa da su. Na ƙarshen matsinsa ya kai kusan psi 49,000, don haka sai uwa mai ƙarfi sosai.

Manyan harsasan Nitro Express an tsara su da sauƙin matsi tun asali, saboda zafin Indiya da Afirka yana ƙara wa kodayit ƙarfi. Amma kwansonsu babba ne, turinsu da shurinsu masu yawa ne. Harsashin .470 na jefa ƙwaya mai nauyin giram 32 da saurin kusan mita 655 a daƙiƙa. Maƙera da yawa ba sa yarda su ɗora irin wannan a kan uwar shotgan. Wannan na nufin akasarin bindigogin da aka mayar sun fi dacewa da matsakaitan dabbobi. Ƙasashe irin su Tanzaniya ba sa yarda a farauci ɓauna ko giwa da harsashin da bai kai faɗin .375 ba.

Gwaji da doka

A ƙasashen Turai da dama, bindigar da aka yi wa irin wannan canji ta fita daga shaidar gwajinta ta farko, dole a sake kai ta gidan gwaji na hukuma. Gidan gwaji na Landan ya samo asali ne daga 1637, na Birmingham kuma daga 1813. Ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, wadda aka kafa a birnin Liège na Beljiyam a 1914, suna amincewa da hatimin juna. A gidan gwaji ana harba raifil da harsashi na musamman wanda matsinsa ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 cikin 100, daga nesa, babu mutum a kusa. Idan ta fita lafiya, sai a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. A Birtaniya laifi ne sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen hatimi. Amurka ba ta da gidan gwaji na dole, don haka nauyin yana kan maƙeri da mai bindiga.

Canjin yana kuma sauya matsayin bindigar a gaban doka. A Birtaniya, bisa dokar makamai ta 1968, takardar izinin shotgan daban take da ta raifil, kuma ta raifil ta fi tsauri. A Amurka, dokar 1934 ta sa ido na musamman a kan raifil mai bututun da bai kai inci 16 ba da shotgan mai bututun da bai kai inci 18 ba. A Najeriya, inda aka san shotgan mai baki biyu a hannun mafarauta, dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a mallaki bindiga, ta kuma hana ƙerawa ko harhaɗawa ko gyara bindiga ba da izinin hukuma ba.

Muhawara

Masana bindiga ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba game da wannan aiki. Masu goyon baya suna cewa uwa mai kyau, da harsashi mai sauƙin matsi, da maƙeri gwani, suna ba da raifil da za ta yi shekaru tana aiki, kuma suna nuni da cewa masana'antu ma sun yi hakan. Masu suka suna cewa idan aka lissafa kuɗin sababbin bututu, da ladan maƙeri, da harsasan da za a ƙone wajen daidaitawa, abin da aka kashe yakan kusa kai farashin sabuwar raifil ta Turai mai matsakaicin kuɗi, wadda ta zo da hatimin gwaji, kuma ta fi daraja idan an tashi sayarwa. Masu tara tsofaffin bindigogi kuma suna ƙorafin cewa ana yanka shotgan masu tarihi waɗanda ba za a sake samun irinsu ba.

Abin da ɓangarorin suka yarda da shi shi ne, wannan ba aikin koyo ba ne a gida. Yana bukatar injinan sassaƙa ƙarfe masu auna abin da bai kai kaurin gashi ba, da sanin halin ƙarfe, da izinin hukuma, da gwaji kafin bindigar ta hau kafaɗar kowa.